Tayil a motar gida: ina zai zauna, ina zai tsage?

Ɗan Autan Zaure: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Shawara nake nema. Tirelar gida ce, wato ɗakin kwana mai taya, irin wadda ake ja da a-kori-kura, tsawonta mita 7, a Texas take. Ledar ƙasanta ta tsufa, bangon bayan murhu kuma duk maiƙo. Ina so a sa tayil a wuri uku: ƙasa, kusan murabba'in mita 9, bangon bayan murhu da sinki, wanda bai cika murabba'in mita ɗaya ba, sai saman kantar kicin. Wane tayil, wane gam, kuma da me zan fara?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Kafin a zo maganar gam, je bakin ƙofar tirelar ko gefenta na hagu ta gaba, akwai takardar da kamfani ya manna mai nuna iyakar kayan da aka yarda ka ɗora mata. Faɗa mana lambar da ke jiki, da kuma litar tankin ruwanka.

Ɗan Autan Zaure: Kilo 620 aka rubuta, Yaya. Tankin kuma lita 150.

Injiniya: To mu yi lissafi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka da ka cika tanki kilo 150 sun tafi, saura 470 na abinci, tufafi, kayan girki da duk wani tarkace. Tayil ɗin tangaran mai kaurin milimita 8 zuwa 10 yana kai kilo 18 zuwa 22 a kowane murabba'in mita. Mu ɗauki 20, sau 9, kilo 180 ke nan. Simintin manna shi zai ci wajen kilo 45. Ƙasar tirela ba za ta ɗauki tayil haka nan ba sai an ƙara mata filawud, wannan ma wajen kilo 50. Ka ga an doshi kilo 280, fiye da rabin abin da ya rage maka. Tayil ɗin roba mai kaurin milimita 2 da ake mannawa da gam kuwa, duka aikin bai wuce kilo 40 ba, kuma za ka cire tsohuwar leda ka rage wani abu. Nauyin nan ba a takarda yake tsayawa ba, taya da aksil da birki ne za su ji shi.

Malam Magini: Injiniya ya kawo rabin matsalar, ga sauran. A ginin gida, ƙa'idar masu tayil ita ce kada daɓe ya lotsa fiye da kashi ɗaya cikin 360 na tazarar da ke tsakanin katakon da ke riƙe da shi. In tazarar santimita 40 ce, lotsawar da aka yarda da ita milimita ɗaya ce da ɗan ɗoriya. In dutse ne irin mabul, sai a raba wannan biyu. Ƙasar tirela tana wuce haka da takun mutum kawai, balle ta hau titi. Kuma ba lotsawa kaɗai ba ce, murɗewa take yi. Tayar dama ta faɗa rami, ta hagu tana kan tudu, shasin gaba ɗaya ya karkace ya dawo. Tayil ba ya tanƙwaruwa. Abin da ke fara nunawa shi ne cikon tsakanin tayil, wato filla, ya zama gari yana fita, sai tayil ya saki daga ƙasa ka ji yana ƙara in an taka, daga nan sai tsaga ta bi layin da allunan filawud biyu suka haɗu.

Hajiya Mai Ado: Amma Malam, manyan motocin gidan nan na kamfanonin Newmar da Tiffin ai da tayil ɗin tangaran suke fitowa daga kamfani, har da na'urar ɗumama ƙasa. Su me ya hana nasu tsagewa?

Makaniki: Hajiya, waɗannan wata halitta ce daban. Shasinsu na manyan motoci ne irin na Freightliner ko Spartan, ƙarfe mai kauri, kuma a kan jakar iska suke tafiya, ba a kan sifirin mai ganye irin na yawancin tireloli ba. Tun a zane aka lissafa nauyin tayil ɗin a cikinsu. Duk da haka masu su kan ajiye kwalin tayil na ko-ta-kwana, don yana tsagewa jefi-jefi, musamman a bakin sashen da ke zamewa waje don ƙara faɗin ɗaki. Tirela mai mita 7 an ƙera ta ne ta yi sauƙin ja, ko'ina an rage kauri.

Baba Kafinta: Ɗan Auta, ni maganata a kan abin da ke ƙarƙashin ledar ne, don shi ake mantawa. Ƙasar motocin nan iri biyu ce. Akwai ta filawud ko allon ɓarɓashin katako mai kaurin wajen milimita 16 a kan firam. Akwai kuma wadda aka yi kamar sanwic, siririn allo a sama, soso mai tauri a tsakiya, siririn allo a ƙasa. Hanya mafi sauƙi ta gane taka ita ce ka cire murfin ramin iskar hita da ke ƙasa, ka leƙa gefen yankan, za ka ga kaurin da idonka. In mai soso ce, sukuru ba ya kama ta sai a kan firam, kuma ko da wasa kada ka kawo mata siminti.

Na biyu, ka taka ko'ina da dunduniya, musamman bakin ƙofa, gindin masai, ƙarƙashin tagogi da kusurwoyin gaba. Duk inda ya yi laushi, ruwa ya shiga. Ka samo na'urar auna danshin katako, in ta nuna sama da kashi 14 cikin ɗari kada ka shimfiɗa komai. Ka nemo inda ruwan ke shigowa tukuna, yawanci daga rufi ne ko bakin taga inda abin toshewa ya bushe ya tsattsage. Ruɓaɓɓen wuri ka yanke shi har ka iso lafiyayyen katako, ka sa sabo yadda gefunansa za su hau kan firam. In ka rufe ruɓa da sabon daɓe, ba ka warkar da ita ba, ɓoye ta ka yi tana ci gaba da ci.

Sannan ka kula da tsawon sukuru. Tankunan ruwa, wayoyin lantarki da bututun gas duk a ƙarƙashin ƙafarka suke. Sukurun da ya ɗara kaurin allo da santimita ɗaya zai iya huda tanki.

Ɗan Autan Zaure: Na duba, Baba. Filawud ce, babu soso, kuma ban ji laushi ba. To in na haƙura da tangaran a ƙasa, wanne zan sa? Na ga irin na roba mai shiga cikin juna ba tare da gam ba.

Malam Magini: Wannan mai shiga cikin juna yana da sauƙin shimfiɗawa, amma ina da ja a kansa. Shi gaba ɗayansa faifai ɗaya yake zama, yana buɗewa da zafi yana tsukewa da sanyi. Tirelar da aka rufe cikin zafin ranar Texas cikinta na iya haura digiri 50. In babu tazarar milimita 6 a duk gefuna, ko aka danne shi da ƙafar tebur mai sukuru, sai ya kumbura a tsakiya. Lokacin sanyi kuma bakunan su rabu. Kauri ma matsala ce, yana kai milimita 5 ko fiye. Ni na fi son na mannawa, mai milimita 2 zuwa 2.5. Ga yadda ake yinsa.

Ka cire tsohuwar leda. A masana'anta ana shimfiɗa ta ne kafin a ɗora kabad, don haka ba sai ka cire kabad ba, bi gindinsu da wuƙa mai kaifi ka yanke. Ka zare duk ƙusoshin sitefila ko ka buga su su nutse. Ramuka da mahaɗar alluna ka cike su da abin gyaran daɓe mai saurin bushewa irin Ardex Feather Finish, ka goge da samfefa ya yi sumul, domin siririyar roba duk abin da ke ƙarƙashinta sai ta nuna shi, ko ƙwayar yashi ce. Ka shigar da kwalayen tayil ɗin cikin tirelar su yi awa 48, kuma ka yi aikin lokacin da zafin cikin yake tsakanin digiri 18 da 27. In ka manna shi da sanyin safiya mai tsanani, rana na yi zai buɗe ya ɗaga baki. In ka manna shi yana da zafi, dare na yi zai tsuke ya bar gibi.

Layin farawa kada ka ɗauke shi daga bango, bangon tirela ba ya miƙewa. Ja zare ɗaya a tsakiyar hanyar wucewa daga gaba zuwa baya, daga nan ka yi dama da hagu. Gam ka shafa da cokali mai ƙananan haƙora, wajen milimita ɗaya da rabi, ka jira ya yi danƙo yadda in ka taɓa ba zai biyo yatsa ba, sai dai in gwangwanin ya ce a ɗora shi a jiƙe. Ka nemi wanda aka rubuta yana jure zafi. Galan ɗaya, wato kusan lita 4, zai ishe ka har da saura. Bayan shimfiɗawa ka bi da abin murzawa mai nauyi, akwai na kilo 45 da ake haya a shagunan kayan gini, kusurwoyi kuma ka bi da ƙaramin na hannu. Ka sayi ƙarin kashi 15 cikin ɗari, don a tirela yanka ya fi shimfiɗa yawa.

Hajiya Mai Ado: In kamannin tangaran yake so, akwai na roba da ake barin tazara a tsakaninsu a cike da filla mai taushi, irin Alterna. Daga tsaye da wuya ka bambance shi da na gaske, kuma ba ya sanyin ƙafa. Abu ɗaya dai, ka karanta takardar garanti, kamfanoni da yawa suna cire motocin gida da ɗakunan da ba a daidaita zafinsu daga ciki.

Makaniki: Akwai sashe mai zamewa waje a tirelar?

Ɗan Autan Zaure: Akwai ɗaya, inda kujerun cin abinci suke.

Makaniki: To nan ne aiki ya fi lalacewa. Sashen nan in zai shigo, a kan daɓenka yake hawa, ko da ƙananan tayoyi ko da wata doguwar roba da yake sulɓi a kai. Tazarar ƙarƙashinsa kaɗan ce ƙwarai. Kafin ka sayi kwali goma, karɓo samfuri ɗaya, ka manna shi da tef a inda sashen ke bi, ka shigar ka fitar sau uku kana kallo da tocila. In ya karce ko ya ture shi, ya yi kauri. Bakin daɓen da ke fuskantar sashen shi ne zai sha gwagwarmaya, ka tura shi ƙarƙashi gwargwadon yadda hannu zai kai, ka manna shi sosai, in da hali ka sa siririn ƙarfen baki mai gangara. In gefen tayil ɗaya ya ɗaga, sashen zai naɗe shi kamar tabarma. Kuma a riƙa share wurin kafin a shigo da shi, tsakuwa ɗaya tana jan layi daga farko har ƙarshe.

Masai ma kada a manta. Ka cire shi, ka shimfiɗa daɓe har bakin zoben da yake zama a kai, ka sa sabuwar robar toshewa. In daɓe ya ɗaga da yawa, masan zai zauna a kan tayil bai matse robar ba, sai wari da yoyo. Ka gwada ƙofofin kabad na ƙasa da aljihun da ke ƙarƙashin firji, wasu tazararsu da ƙasa ba ta kai kaurin yatsa ba.

Injiniya: Ga wanda ya dage sai tangaran a ƙasa, Malam, me za ka ce masa?

Malam Magini: Zan ce ya taƙaita shi a ƙaramin wuri, kamar bakin ƙofa ko banɗaki, abin da bai wuce murabba'in mita ɗaya ko biyu ba. Ya ƙara filawud mai jure ruwa, irin na aikin waje, mai milimita 9, da gam da sukuru duk santimita 15, kuma kada mahaɗarsa ta faɗo kan mahaɗar na ƙasa. A kai ya shimfiɗa tabarmar raba motsi irin Ditra ta Schluter, kaurinta milimita 3, ita ba ta karɓar tayil da ya gaza santimita 5 a kowane gefe. Simintin mannawa ya zama mai roba a ciki. A Amurka ka duba lambar inganci A118.11 a jikin buhun ga wanda zai taɓa filawud, a Turai kuma S1 ko S2, na biyun ya fi jure tanƙwara. Tayil ya zama ƙanana, santimita 10 zuwa 20, domin yawan layukan tsakani shi ke raba motsin. Amma a sani, tabarmar nan motsin gefe da gefe take shanyewa, ba ta hana lotsawar sama da ƙasa. Don gida aka yi ta.

Hajiya Mai Ado: Mu koma bango, nan ne zai samu kyan da yake nema ba tare da nauyi ba. Bangon tirela siririn allo ne na milimita 3 da aka lulluɓe da takardar ado mai roba. Mafi sauƙi shi ne tayil mai gam a bayansa irin Smart Tiles, ana yanka shi da wuƙa da rula. Masu cewa yana faɗuwa, yawanci shiri ne ba su yi ba. Ka wanke maiƙon da sabulun cire maiƙo sau biyu, ka goge da sifirit, ka ɗan karce fuskar da samfefa mai lamba 120, sannan ka shafa firaima, wato fentin share fage, mai kamawa irin Zinsser, ka bar shi ya bushe sarai. Dalilin firaimar shi ne robar takardar nan tana fitar da wani mai in ta ji zafi, shi ke narkar da gam ya koma kamar ƙaro. Tsirin tef ɗin da ke rufe mahaɗar alluna ka ɓare shi. Tsohon silikon na bakin kanta ka kankare shi tas, babu abin da ke kama silikon. Bayan mannawa ka murza sosai, ka bi gefen sama da na ƙasa da siririn silikon don tururi kada ya shiga baya.

Gargaɗi ɗaya mai muhimmanci: roba ce. Ka bar aƙalla santimita 20 tsakaninta da harshen wutar gas. Murhun tirela kuwa kusan manne yake da bango, don haka daidai bayan murhu ka sa farantin ƙarfe mara tsatsa ko tayil na gaske.

Baba Kafinta: Hajiya ta yi daidai. In tayil na gaske ne, ni shawarata kada a manna shi a jikin bangon kai tsaye. Allon milimita 3 in ka danna shi da tafin hannu yana shiga. Yanko filawud mai milimita 6 daidai girman wurin, ka shafe shi da firaima gaba da baya da gefuna, ka ɗaure shi da sukuru a jikin ginshiƙan bango, ka ƙara da gam a baya. A kansa za ka yi tayil. Ranar da ka gaji da shi ko wayar lantarki ta buƙaci gyara, allo ɗaya za ka cire, bangon bai lalace ba. Ginshiƙan wasu na katako ne wasu na alminiyom, maganaɗisu ba ya kama alminiyom. In ba ka da na'urar nemo su, fita da sassafe lokacin raɓa ka dubi jikin tirelar daga waje, sau da yawa layukansu suna fitowa. Kaurin bangon duka bai fi santimita 3 zuwa 5 ba, ka auna a bakin ƙofa kafin ka zaɓi sukuru, kada ya ɓulla waje.

Malam Magini: A kan allon nan ba siminti za ka sa ba. Ka yi amfani da gam mai zama kamar roba bayan ya bushe, irin na MS polima, ko Sikaflex, ko silikon zalla. In silikon ne, guji mai warin tsami, yana cin ƙarfe kuma yana ɓata bayan tayil ɗin gilashi, nemi mara warin. Tayil mai santimita 7.5 da 15, layi uku na gam a tsaye a bayansa sun isa, ka danna har kaurin gam ɗin ya koma milimita 2. Wannan kaurin shi ne katifar da ke shanye girgiza, kada ka matse shi ya ƙare. Ga murabba'in mita ɗaya, kwalba uku irin ta bindigar matsa gam za ta yi. In ƙananan tayil ne masu raga a baya, shafa gam ɗin da cokali mai haƙoran milimita 3, in gilashi ne ka lallatse layukan kuma gam ya zama fari, in ba haka ba za a hango su ta ciki. Akwai kuma tabarma mai gam fuska biyu irin MusselBound, tana aiki da tayil marasa nauyi.

Wani abu da ke ruɗa ko ƙwararre: lebur, wato ma'aunin daidaito na magina. Tirela ba ta tsayawa daidai sai an daidaita ta da jak. In ka bi lebur alhali tana karkace, layinka zai saɓa da kanta da kabad har abada. Ka bi layin kanta, shi ido ke gani. Ka bar milimita 3 tsakanin tayil da kanta, da kowace kusurwa, da ƙarƙashin kabad, ka cike su da silikon mai launin fillar, irin Mapesil ko Latasil.

Injiniya: A kan filla, ni epoksi, wato filla mai tauri da ake kwaɓawa daga sinadarai, nake ba da shawara, Kerapoxy ko SpectraLOCK. Ba ya shan ruwa, ba ya tabo, kuma ba ya zama gari.

Malam Magini: Ranka ya daɗe, a nan mun ɗan saɓa. Epoksi yana da ƙarfin kamu, amma ba ya miƙewa. In tayil ɗin yana kan gam mai motsi, aka ɗaure tsakaninsu da abu mai tauri, motsin zai nemi mafita, wani lokaci ta gefen tayil ɗin. A bango na fi son filla da aka riga aka kwaɓa a bokiti, mai yuretan ko akirilik, irin TruColor na Bostik ko Flexcolor CQ na Mapei, tana da ɗan sassauci. In wurin ƙarami ne kamar nasa, ana iya cike layukan duka da silikon, a sa tef gefe da gefe, a shafe da yatsa, a cire tef nan take. Epoksi wurinsa saman kanta da ƙasan wurin wanka, inda gindin yake da tauri kuma ruwa ke kwanciya.

Injiniya: Na karɓa a kan bango. A kanta dai kada a sauya shi. Kuma a kwaɓa kaɗan-kaɗan, wajen minti 45 yake bayarwa, da zafi bai ma kai haka ba, in ya bushe a fuskar tayil fitar da shi wahala ce. A sa safar hannu, yana ƙona fatar wasu.

Baba Kafinta: Kanta kuwa, ɗana, gaskiya ita ce wurin da na fi ƙin tayil. Wadda ke ciki yawanci allon garin katako ne da aka lulluɓe, ruwa na taɓa shi yake kumbura kamar burodi. Sabuwar fomeka a kan filawud ta fi sauƙi, ta fi saurin gogewa, ba layin da zai tara datti. In dai sai tayil, cire tsohuwar gaba ɗaya ka yi amfani da ita a matsayin ma'auni, ka yanko filawud mai jure ruwa mai milimita 18. Bakin ramin sinki da na murhu ka shafe su da epoksi ko fentin hana ruwa sau biyu, nan ne ruɓa ke farawa. Ka ƙara katako a ƙarƙashin siririn wurin da ke gaban sinki, shi ne mafi rauni.

Malam Magini: Sannan a shafa abin hana ruwa irin RedGard hawa biyu a saman filawud ɗin. Akwai manyan faifan tangaran sirara, irin na Laminam, mai milimita 3 da rabi nauyinsa kusan kilo 8 ne a murabba'in mita, ana iya rufe kantar da guda ɗaya babu layi. Amma yankansa sai mai hannu. Ramin sinki kada a yi masa kusurwa mai kaifi, a fara huda kusurwoyi huɗun da bakin injin huda na lu'ulu'u mai milimita 10, sannan a haɗa ramukan da giranda. Daga kusurwa mai kaifi tsaga ke tashi. Ramin famfo yawanci milimita 35 ne, a huda a hankali ana zuba ruwa. Yanka duka a yi shi a waje da ruwa, da takunkumi mai kyau, ƙurar tangaran tana lalata huhu. Gefen kanta a rufe shi da ƙarfen baki irin Rondec, yana kare gefen tayil daga bugun tukunya. A duba tsawon wuyan famfo da maƙalan sinki, kanta ta ƙara kauri, wasu ba za su kai ba.

Anti Mai Sprinter: Sallama gare ku. Ku ba ni dama in shigo da tawa tunda ana kai. Sprinter ce, wato motar kaya ta Mercedes, a Ingila, ana mayar da ita ɗaki, ana so a yi wurin wanka mai santimita 70 da 90 da tayil. Zai yiwu?

Injiniya: Anti, fara da lasisi. Wanda ya ci jarrabawar tuƙi a Ingila daga 1 ga Janairun 1997, lasisinsa na ƙaramar mota a kilo 3,500 ya tsaya, kuma yawancin Sprinter da ake mayarwa ɗaki iyakarsu ke nan. Bangon wurin wanka uku masu tsayin mita 1.8 sun haura murabba'in mita 4. Ko da ƙananan tayil masu kilo 10 ne, da gam da allo kin doshi kilo 60, kuma nauyi ne a tsaye a gefe ɗaya na motar. A kai ta sikeli kafin a fara, a auna gaba daban, baya daban.

Malam Magini: Ƙasan wurin kada a gina shi, a sayi tiren wanka na roba ko faiba da aka yi don motoci. In an samu mai magudana biyu a kusurwoyi masu kallon juna ya fi, don mota ba ta tsayawa daidai, ruwa zai taru a ɓangaren da babu rami. In dole sai an gina, gangara santimita 2 a kowace mita, a toshe magudana a cika ruwa ya yi awa 24 a gani kafin a ɗora tayil ko ɗaya. Bango kuma allon soso mai hana ruwa irin wedi ko Kerdi-Board, kusan ba shi da nauyi, a rufe mahaɗa da kan sukuru da tef ɗinsa. A gina wurin kamar akwati mai zaman kansa, kada a manna allon a jikin ƙarfen motar, ƙarfen yana motsi kuma yana zufa da sanyi.

Hajiya Mai Ado: Anti, ni da za ki ji tawa, faifan roba masu zanen tayil irin Dumawall za ki sa a bango ukun, suna shiga cikin juna, babu filla. In ana son tangaran don ado, a yi ɗamara ɗaya mai faɗin santimita 15 daidai tsayin ƙirji. Kuma a sa fankar fitar da tururi a rufi, in babu ita silikon zai yi baƙi cikin 'yan watanni.

Anti Mai Sprinter: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Za a kai ta sikeli tukuna.

Ɗan Autan Zaure: Allah ya ƙara girma. Na tsayar: roba ta mannawa a ƙasa, tayil na gaske a kan allo bayan murhu, fomeka a kanta. Kwana nawa zan jira kafin in ja ta?

Malam Magini: Daɓen roba a bar shi awa 24 ba taku mai yawa, awa 72 kafin a shigo da sashen mai zamewa a kansa. Gam ɗin bango yana bushewa ne daga waje zuwa ciki, a bayan tayil kuma iska ba ta isa sosai, don haka ka ba shi kwana 2 kafin filla, mako guda kafin titi. Duk kwanakin nan kada ka bar tirelar a rufe cikin rana, buɗe tagogi ko ka kunna na'urar sanyaya ɗaki.

Makaniki: Fitar farko ka yi kilomita 30, ka haɗa da hanya mai gargada. In ka dawo, ɗauki kwabo ka ƙwanƙwasa tayil ɗin ɗaya bayan ɗaya, wanda ya yi ƙarar fanko ya saki, cire shi ka sake tun bai faɗo ba. Ka loda kayanka ka cika tanki, ka biya ta sikelin CAT da ke tashoshin manyan motoci ka ga abin da ke kan aksil da abin da ke kan maƙalar ja. Ragowar tayil guda biyar da rabin kwalbar silikon mai launin kuma ka ajiye su a cikin tirelar, a naɗe da tsumma, a aljihun ƙasa.